Ikilima da Ɗan Shamuwa

A Kurawa akwai wata yarinya 'yar aji huɗu mai suna Ikilima. Tana da ƙoƙari, amma ba ta son kowa ya fi ta, ko a wasan gaɗa.

Ranar Juma'a Malama Jamilatu ta ce wa 'yan aji, "Ran Litinin kowa ya zo mana da wani abin mamaki na ƙasarmu Nijeriya. Ko dutse, ko gulbi, ko dabba."

Nura ya ce shi giwayen Yankari zai kawo labarinsu. Safiyatu ta zaɓi Dutsen Zuma. Ikilima ta koma gida tana ƙunƙuni. Ita me za ta ce? Kurawa ba giwa, ba zaki, sai gero da awaki.

A bayan gidansu akwai wani tsohon gawo. Duk shekara, gab da ruwan farko, shamuwa kan zo ta yi sheƙa a kansa. Ranar Asabar aka yi ruwa da iska. Da aka ɗauke, Ikilima ta tsinci ɗan shamuwa a gindin gawon, ya jiƙe sharkaf.

Murna ta kama ta. Su Nura labari za su kawo, ita kuwa tsuntsu mai rai! Ta sa shi a kwando, ta ɓoye a ƙarƙashin rumbu. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ta ba shi gero, ya ƙi. Ta ba shi fura, ya kau da kai. Kafin hantsin Lahadi wuyansa ya langaɓe, ko ido ba ya iya buɗewa sosai. 

Uwar tsuntsun kuwa sai shawagi take yi, ta sauka a kan rumbu, ta tashi, ta dawo. Kakar Ikilima, Habi, tana tsintar wake, ta ɗaga kai.

"Ikilima, mi wagga shamuwa ke nema bisa rumbunmu?"

Sai Ikilima ta fashe da kuka, ta jawo kwandon.

"Kaka, makaranta za ni kai shi. Ban so ya mutu ba."

"Kayya, ɗiyata! Shamuwa ba kaza ba ce, ba ta cin hatsi. Fara take ci da tsutsar da ke ɓata muna gona. Ɗanta kuwa sai abin da ta haɗiye ta amayo mishi. Baƙuwarmu ce. Daga can kudancin Afirka take tasowa, in mun gan ta mu gyara kalmen noma. Wa ke ɗaure ɗan baƙo? Maza kira babanki."

Babanta, Malam Illo, bai yi faɗa ba. Ya jingina tsani, ya sa tsuntsun a cikin hularsa, ya hau, ya mayar da shi sheƙa. Ƙayar gawo ta yage masa hannu har da jini. Ikilima ta gani, kunya ta rufe ta.

Suka koma nesa suka zauna. Shiru, shiru, uwar ba ta sauka ba. Ikilima tana ta addu'a a zuci. Can sai ga ta ta dira a bakin sheƙa. Wani ɗan kai ya ɗago a hankali, ya wangame baki.

"Kaka, ya ci! Wallahi ya ci!"

Ranar Litinin Ikilima ta tsaya gaban aji hannu rabbana. Ta ba su labarin tafiyar shamuwa da abincinta. Ta ce gawo ma abin mamaki ne: da damina, sa'ad da itatuwa ke kore, shi yake zubar da ganye, sai da rani ya toho. Ba ta ɓoye laifinta ba.

Malama ta ce, "A wane littafi kika karanta wannan?"

"Bayan gidanmu, Malama."

Aji ya ɗauki tafi. Malama ta ce, "Kun ji ko? Abin mamaki yana nan ƙofar gidanku. Amma halittar Allah a inda take ake kallonta, ba a raba ta da gidanta."

Da lokacin kaka ya zo, shamuwa uku suka tashi daga kan gawon. Ikilima ta ɗaga musu hannu, ta ce, "Sai baɗi, in Allah ya kai mu."