Jan Biro a Littafin Auta

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma aka fara zaluntar Auta. Maƙwabta suna cewa da jifa abin ya fara. Kuskure ne. Jifa sai bayan kwana uku ya zo.

A ranar tana makaranta wajen darasin yamma, mahaifinta ya shiga ɗakinta. Hedimasta ake ce masa har yanzu, ko da yake shekara shida ke nan da ya bar aiki. Mutum ne da ba ya barin kuskure ya kwana. Ya taɓa rubuta wa wani ofis wasiƙa mai shafi huɗu don sun ɓata harafi ɗaya a sunansa, ya ce sai sun ba shi haƙuri a rubuce.

Ya ɗaga katifa, ya buɗe durowa, sannan ya zura hannu bayan kabad, inda siminti ya zube ya bar wani rami a bango. A nan ya taɓo littafi mai shuɗin bango.

Matarsa, Umma, tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Baban Auta, mayar mata da abinta. Ita ma mutum ce."

"Shekarunta sha biyar, kuma a gidana take. Babu dokar da ta hana uba duba kayan 'yarsa. Je ki tambayi lauyan da kika ga dama."

Shafi sittin da biyu ne, kuma duk wasiƙu ne zuwa ga yayarta da ta rasu shekara biyu da suka wuce. Tana ba ta labarin jarrabawa, da yadda gadon ya yi mata faɗi. A shafi na arba'in kaɗai ta ambaci wani ɗan ajinsu da ya ara mata rula ya yi mata murmushi. Hedimasta ya zaro jan biro. Ya zagaye kuskuren rubutu talatin da ɗaya, ya ja layi biyu a ƙarƙashin maganar rula.

Ranar Juma'a da la'asar Gwaggo, ƙanwarsa, ta zo da 'ya'yanta mata biyu, ga kuma matar maƙwabci. Umma ma tana nan. Hedimasta ya kira Auta falo, ya tsayar da ita, ya karanta shafi na arba'in da muryar da yake karanta sakamakon jarrabawa.

Gwaggo ta tafa hannu. "Au, Auta an girma! Yanzu da rula ake zance?"

Aka kwashe da dariya. Auta ba ta yi kuka ba. Ta dubi littafin a hannunsa, ta juya ta shige ɗaki.

Da rana ta faɗi, gidan ya yi wani irin shiru. Kajin maƙwabta ba su yi hayaniyar shiga akurki ba. Hedimasta yana alwala sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ƙwas. Sai na biyu. Sai suka zubo kamar ƙanƙara, alhali sama tas take. Ya fita da tocila yana faɗa da yaran unguwa, bai ga ko mage ba. Da ya duƙa ya tsinci abin da aka jefo, hannunsa ya yi fari. Gutsattsarin alli ne.

Haka aka yi kwana huɗu, kullum da faɗuwar rana. A na biyu, suka ji ana buɗe shafukan takarda a ɗakin Auta, sannu a hankali, ga kuma littafin a kulle cikin akwatinsa. A na uku, ya ga an zagaye makullin wutar falo da jan biro, an zagaye agogon bango, an zagaye fuskarsa a hoton da ke rataye. Ya goge da tsumma. Ya juya baya, ya waiwayo, zagayen ya dawo.

Auta ta daina cin abinci. Tana zaune a gefen gado, fuskarta na kallon kabad.

A yamma ta huɗu ta fito falo da kanta. Tafiyar ba tata ba ce. A hankali take, kamar ta tsoho mai ciwon gwiwa. Ta tsaya daidai inda Hedimasta ya tsayar da ita ranar Juma'a, ta buɗe baki, wata murya mai kauri ta fito.

"Durowa ta ƙasa, cikin ambulan ruwan ƙasa. Takardar likita. Zuciyar Hedimasta ta kumbura. Wata bakwai yana shan magani a bayi don kada matarsa ta gani."

Umma ta juyo ta dube shi. Kallon nan ya fi jifan ciwo. Ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

"Gobe," in ji muryar, "za mu karanta shafi na gaba."

Washegari kafin magariba Umma ta kawo wani malami mai ruƙiyya, dattijo siriri mai sanyin magana. Ya sa aka zaunar da Auta a tabarma, Umma ta riƙe kafaɗunta, ya fara karatu. Tun bai yi nisa ba jikin yarinyar ya sandare, fitilar falo ta dusashe har ta koma ja.

"Wane ne kai?" in ji malamin.

"Mai ramin bayan kabad. Ina nan tun kafin a yi wa ɗakin rufi."

"Me ta yi maka?"

"Ita? Ba komai. Shekara biyu tana rubuta wa yayarta, ta karanta a hankali, ta ajiye a wurina. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na riƙe amana. Wancan mai jan biron ya kasa."

Hedimasta ya yi ƙarfin hali. "Hakkina ne! Doka ma..."

Malamin ya ɗaga masa hannu. "Hedimasta, in tsoro ya sa ka duba, za a fahimce ka. Da ka duba ba ka ga cuta ba, me ya kai shi falo?"



Malamin ya koma ga yarinyar. "Kai kuma, wa ya ba ka izinin shiga jikinta? Ya buɗe littafinta ba ta sani ba, kai ka buɗe bakinta ba ta sani ba. Ina bambancinku?"

Can muryar ta ce, ƙasa-ƙasa, "Zan fita in ya ba ta haƙuri."

"Ba kai za ka nemar mata ba. Tana da baki. Sakar mata shi."

"To a mayar mata da littafinta. Yanzu, ina gani."

"Wannan za a yi. Kai kuma ka bar gidan, ba dawowa."

Hedimasta ya buɗe akwati, ya ɗauko littafin, ya ɗora shi a cinyarta. Malamin ya ci gaba da karatu. Ƙafarta ta hagu ta yi karkarwa, ɗan yatsan ya miƙe, wata iska mai sanyi ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta fice. Guntun alli ɗaya ya gangaro daga rufi, ya faɗi a tsakar gida. Fitila ta dawo da haskenta.

Da safe Hedimasta ya sami Auta a ɗaki, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya yi gyaran murya. "To, Auta. Abin da ya wuce ya wuce."

Ta ɗago. Ya duba idanunta da kyau. Nata ne. Muryar ma tata ce, siririya, ba ta rawa.

"Baba, ba a nan ka karanta ba. A falo ne. Gwaggo tana nan, da 'ya'yanta biyu, da matar maƙwabci, da Umma. Mutum biyar."

"Ni mahaifinki ne fa."

"Na sani, Baba. Kai ka koya mana cewa inda aka yi kuskure, nan ake gyara shi."

Yau kwana goma sha tara ke nan da wannan magana. Jifa ya tsaya, ramin bayan kabad babu kowa a cikinsa, amma Auta ba ta ƙara rubuta wa yayarta ko layi ɗaya ba. Mutumin da ya nemi haƙuri a rubuce saboda harafi ɗaya ya san abin da ya rage. Yau ya kira mutum biyar ɗin nan falo. Auta ta zauna, shi ya miƙe tsaye, ya ba ta haƙuri da muryar da ya karanta shafi na arba'in.