Jikan Bokiti

A wani gari an yi wani dattijo da bai taɓa cewa "ban sani ba." Wata rana mata a bakin rijiya suka tambaye shi, "Baba, wai kalmar bokiti daga Turanci ta fito?"

Ya shafa gemu ya ce, "Wane Turanci? Sunan kakana ne, shi ya ƙera na farko."

Washegari wata ta kawo bokitinta mai yoyo, ta ce, "Baba, sana'ar gidanku ce, a gyara mini." Wata ta kawo, wata ma ta kawo, har ƙofar gidansa ta toshe. Ya lilliƙe su da tuwo, awaki suka lashe.

Ana haka sai wata ta ce, "Baba, mota fa?"

Ya dubi tulin bokitai, ya dubi 'yar ƙofarsa, ya ce, "'Yata, ban sani ba."