Kiran Kajin Inna

Da hantsi ya yi, na'urar Ciyau takan buɗe lasifikarta a kan tudun Tsibirin Guza, ta saki kira. Sai ƙattin guzaye, kowanne ya kai tsawon kwalekwale, su fito daga daji. Jirage marasa matuƙi su zubo musu naman da aka shuka a ɗakin gwaji. Tun da aka kafa ta, guza bai sake taɓa kowa ba a birnin gilashin da ke bakin teku.

Injiniya Tasalla Garko ce ta ƙera ta. An sha ba ta lambar yabo, amma akwai abin da ba ta faɗa a taro. Duk sautin da kwamfuta ta haɗa, guzayen ko kallo bai ishe su ba. Ranar da ta gaji, cikin wasa ta saka muryar mahaifiyarta tana kiran kaji, sai ga su tululu.

Da tsufa ya kama Inna, Tasalla ta ɗauko ta daga Garko. Tsohuwa ta ce ita ba ta zama gidan da babu kaza, dole aka samo mata.

Ana nan, gishirin teku ya cinye wayoyin Ciyau, ta yi shiru. Guzaye suka kwana biyu da yunwa. Tasalla na kan tudu tana gyara, sai ta ji kiran ya tashi daga bayan gari, daga gidanta. Ta ruga gida, domin ba ta taɓa gaya wa Inna cewa da muryarta ake kiran guzaye ba.

Ta iske katanga a ƙasa. Inna na tsaye da ƙwaryar tsaba, guzaye sun kewaye ta. Ga kaji na yawo a tsakanin ƙafafunsu, amma ko ɗaya bai kai musu baki ba. Sun ɗaga kai sama, suna jiran nama ya faɗo.

"Inna, kada ki motsa," in ji Tasalla a hankali.

"Ina zan je? Waɗannan su ne dodannin naki?" Inna ta dube su da tausayi. "Ga abinci a gabansu, ba su san shi ba. Ke 'yar nan, me kika yi musu?"



Babban cikinsu ya gaji da kallon sama. Ya sauke kai, ya zaro harshe, ya fara shinshina zanen Inna.

"To, ki san abin da za ki ba su," in ji Inna. "Wannan ya fara tunawa."