Kifin Uwar Wonje a Tantin Baba Gombo

"Tsaya... me ke wari a motar nan?"

Wonje ya yi murmushi, idonsa na kan hanyar da ƙanƙara ta lulluɓe. "Ƙamshi dai, Tunga. Tsarabar Baba ce."

Tungalag ta juya ta ɗaga murfin akwatin katakon da ke kujerar baya. Busassun kifaye ne masu ruwan zinare, an ɗaure su a jere da igiyar kara, kowanne baki a buɗe.

"Wayyo ni! Wonje, ka kashe ni!"

"Me na yi kuma, rabin raina?"

"Kifi? A gidan makiyayi? Ranar jajibirin Farin Wata, bikinmu na sabuwar shekara? Baba ko taɓa kifi ba ya yi! Ba alawa da ganyen shayi na ce ka saya ba?"

"Na saya. Wannan kuwa Mama ce ta aiko daga Koriya. A wurinmu ba a kai wa surukai abin da ya fi shi."

"Ka bar shi a mota."

Sai da suka hango hayaƙin tantin Baba, sannan ya ce a hankali, "To. Yadda kika ce."

Wannan "to" ɗin ta fi faɗa ciwo. A Koriya suka haɗu lokacin tana karatun jinya. Da ta dawo gida ya biyo ta Ulanbator, babban birnin ƙasarsu, ya koyi yarenta da ƙyar, ya koyi shan shayin gishiri ba tare da ya yamutsa fuska ba. Abu ɗaya ya rage. Mahaifinta, Baba Gombo, ya ce, "Kawo shi in gan shi. In bai kwanta mini ba, magana ta mutu." Ita kuwa tun rasuwar mahaifiyarta ba ta taɓa tsallake maganarsa ba, kuma ta san ba za ta fara yanzu ba.

Tantin ya ɗauki ɗumi da ƙamshin dafaffen nama. A kan tebur an ɗora gurasar biki hawa-hawa, an zuba alawa da busasshen cuku a samanta. Gefe guda ga gadon bayan tunkiya, jelarta mai kitse tana sheƙi.

Goggo Dulma, ƙanwar Baba, ta ƙare wa baƙon kallo daga sama har ƙasa.

"Wannan ne? Tunga, ai iskar nan tamu sai ta yi gaba da shi! Ba sa ba shi abinci a garinsu ne?"

"Goggo, yana jin ki fa."

"To ya ji mana, ƙarya na yi? Zauna, siriri, mu ga abin da za a iya yi da kai."

Aka yi dariya, ban da Baba. Ya karɓi alawa da shayin da Wonje ya miƙa masa da hannu biyu, ya ajiye gefe.

"Wannan na kanti ne, kowa na iya saye. Na ji kana da uwa. Ta san inda ka zo?"

"Ta sani, Baba."

"Ta sani, kuma ba ta ga ya dace ta aiko ko da ɗanɗanon gidanta ba?"

Wonje ya sunkuyar da kai. Kunnuwansa suka yi ja, amma bai dubi Tungalag ba, balle ya tona ta. Ya gwammace a ɗauki uwarsa marowaciya da ya kunyata masoyiyarsa a gaban danginta. Abin ya soki zuciyarta.

Ta miƙe ta fita cikin sanyi. Ta dawo tana rungume da akwatin.

"Ta aiko, Baba. Ni ce na ɓoye."

Tana buɗewa Goggo ta toshe hanci. "Kai! Me ya mutu?"

Baba ya leƙa cikin akwatin. Ya daɗe yana kallon kifayen, sannan ya sa yatsa ya taɓa igiyar, ba kifin ba.

"Wa ya yi ɗaurin nan?"

"Mama ce," in ji Wonje, yana lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Ita ta zuba gishiri, ita ta shanya a iskar teku. Mahaifina masunci ne, ya rasu. Ba mu da tumaki, Baba. Ba mu da doki ko ɗaya. Idan shekara ta juya, wannan muke sawa a tsakiyar tebur. Bana ba ta ajiye wa kanta ba... duka ta aiko muku."

Baba ya sake shafa igiyar.

"Ɗaurin mai haƙuri ne," Baba ya ce. Ya dubi 'yarsa. "Ke kuma kika bar matar nan a mota cikin sanyi?"

Hawaye suka zubo mata. "Tsoro na ji, Baba."

"Dulma, gasa guda ɗaya."

"A murhuna? Yaya, sai bazara kafin warin nan ya fita!"

"Gasa."

Da kifin ya gasu, Baba ya zaro wuƙarsa ya yanko kitsen jelar tunkiya, yanka mai kauri, ya miƙa wa Wonje. Shi kuma ya ɓantari kifin. Suka dubi juna kamar masu shirin kokawa. Wonje, wanda ko kitsen miya tsincewa yake, ya rufe ido ya haɗiye. Baba ya tauna nasa a hankali, gashin bakinsa na karkarwa, ya bi shi da shayi kofi guda cur.

"Yaya, ya ka ji?" Goggo ta tambaya tana danne dariya.

"Gishiri ya ji."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Tungalag ta yi ta satar kallon fuskarsa har aka tashi daga cin abinci, ba ta karanto komai ba.

Washegari da hudowar rana kowa ya sa sabbin kaya, aka jeru gaisuwar sabuwar shekara. Ƙarami yakan miƙa hannuwa ya tallafi gwiwar hannun babba, a haɗa kumatu. Tungalag ta gaida Baba, ta gaida Goggo. Wonje ya bi bayanta yana kwaikwayonta, har Goggo ta ce, "Riƙe ni da kyau, siriri, ba ƙwai ba ce ni!"

Sai ya rage su biyu. Ta juyo gare shi ta miƙa hannuwanta, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo.

"Ke!"

Muryar Baba ce. Ta tsaya cak.

"Sauke hannunki. Tun tasowarki, kin taɓa ganin na yi wa uwarki wannan gaisuwar?"

"A'a, Baba..."

"To. Miji da mata ba sa gaida juna ranar Farin Wata. Mutum ba ya gaida kansa." Ya juya yana gyara ɗamararsa, kamar ba shi ya yi maganar ba.

Goggo ta rangaɗa shewa. Tungalag ta tsaya hannu a sake, kuka da dariya suna rige-rigen fitowa. Wonje ya rasa inda maganar ta dosa, don Baba ya yi sauri da yawa. Ya matso a tsorace.

"Tunga, me ya ce? Wani laifin na sake yi?"

Ta share ido da hannun riga, ta girgiza kai.

"Cewa ya yi daga yau ba ni ba gaishe ka, masoyi... har ƙarshen rayuwarmu."