'Yar Banda Za Ta Jamus

"Yaya Murja, riƙe mata wutsiya mana! Haba, ki riƙe!"

Jamilu ne durƙushe a tsakar gidansu da ke Yelwa, tef ɗin tela a hannu, yana fama ya auna mage daga hanci zuwa gindin wutsiya. Yayarsa Murjanatu dariya ta hana ta ko miƙa hannu. Inna kuwa tana bakin murhu tana juya kifi a mai, ta waiwayo ta yi masa kallon sama da ƙasa.

"Auta, riga za ka ɗunka mata ko zane?"

"Keji za a sayo, Inna. Kamfanin jirgi sun ce dole ta iya tsayuwa a ciki, ta juya, ta kwanta."

"Jirgin sama! Ni da na haihe ka ko hilin jirgi ban taɓa gani ba, amma mussa za ta Jamus. Wanga zamani!"

Jamilu ya sunkuyar da kai, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Magen ta matarsa Zakiyya ce. Wata takwas da aurensu Zakiyya ta sami tallafin karatu a Jamus, kan ilimin kiwon kifi, aka kuma yarda mijinta ya biyo ta. Mahaifiyarta, marigayiya Rahamatu, mai bandar kifi ce, kuma a ƙarƙashin bandar ta tsinci magen tun tana 'yar mitsitsiya, shi ya sa ake kiranta 'Yar Banda. Duk jinyar da Rahamatu ta yi, magen na kwance a ƙafafunta. Da ta rasu, abin da ya rage wa Zakiyya mai rai daga ɗakin uwarta ke nan.

Tafiya da dabba ƙasar waje kuwa ba a yin ta da gaggawa. Kafin Zakiyya ta tashi sai da ta kai magen Abuja wurin likitan dabbobi, aka yi mata allurar haukan kare, bayan wata guda aka ɗebi jininta aka aika gwaji. Daga nan aka ce sai an jira wata uku cur. Makaranta ba ta jiran mage, dole Zakiyya ta yi gaba. Ranar tafiyarta ta damƙa wa Jamilu fayil ɗin takardu, idonta cike da hawaye.

"Yaya Jamilu, amana ce. Ka karanta komai, ka zo mini da ita."

"Kamar kin gan ta a hannunki," in ji shi. Fayil ɗin kuwa a ƙarƙashin katifa ya tura shi, bai ko buɗe ba.

Labari a Yelwa ba ya kwana. Cikin mako guda samarin bakin ruwa sun raɗa masa suna Direban Mage. In ya wuce sai wani ya yi "miyau!", sauran su kwashe da dariya. Jamilu mutum ne mai kirki, amma yana da lalura guda: dariyar mutane tana kashe masa jiki. Ko Inna bai taɓa gaya wa asalin magen ba, don kada a ce mace ta shanye shi.

Abin ya ƙwace ne ranar da ƙanin mahaifinsa, Baba Wakili, ya zo daga Shanga. An ajiye masa tuwon shinkafa da kan giwan ruwa, ya juya zai wanke hannu, 'Yar Banda ta sure kifin ta haye katanga. Baba Wakili ya girgiza kai.

"Wagga ita ta uwargijiyar taka? Jamilu, a zuri'armu ba a taɓa namijin da ya yi dakon mussar mace ba. Kai za ka hwara?"

Inna ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba a gaban dangin mijinta. Baƙo na fita ta kira ɗanta.

"Gobe Illo mai jirgi zai tahi gungu kai kaya. A sa ta buhu. Mussar da ta ƙetare ruwa ba ta dawowa. Ka ce ma matarka ta ɓace."

Nan ne wurin da ya kamata namiji ya buɗe baki. Jamilu sai ya ce, "Yadda kika gani, Inna." Kuma wallahi da hannunsa ya riƙe bakin buhun. Tana ta kuka a ciki har aka sa ta a jirgi, ya juya baya don kada ya ga sun nufi tsibirin.

Da la'asar saƙo ya shigo wayarsa: "Turo mini hoton 'Yar Banda, yau kewar Innata nake." Ya rubuta "ta ɓace" ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Murjanatu ta leƙo ta gani.

"Kai dai ba ka da dabara, Auta. Mage ai mage ce! Gidan maƙwabta akwai mai ruwan toka da farin ƙirji, sak irinta."

Aka ɗauko ta. Ya riƙa ɗaukar hoto daga nesa yana turawa. Kullum amsar Zakiyya ɗaya ce: "Na gani." Shi kuwa gogan sai ya ɗauka asiri ya rufu, ko da yake abinci ya daina yi masa daɗi, in sun yi waya kuma ba ya iya kallon fuskarta sosai.

Wata uku ya cika, biza ta fito, aka yanki tikiti. Saura takardar shaidar lafiya, wadda ba a bayarwa sai cikin kwana goman ƙarshe kafin tashi. Jamilu ya sa magen aro a keji, ya hau mota ta Kwantagora har Abuja.

Likitar, Dokta Hannah, ta buɗe fayil, ta ɗauko wata 'yar na'ura ta goga a wuyan magen. Shiru. Ta goga a kafaɗa, ta bi baya har wutsiya. Shiru. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Malam Jamilu, wannan ba ita ba ce."

"Ita ce mana, Dokta! Ga hotonta nan a takarda, ruwan toka da..."

"Can ba hoto za su duba ba. Kafin allurar farko ni da kaina na sa mata cif a ƙarƙashin fata, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, mai lamba goma sha biyar. Lambar nan ce a takardar allura, ita ce a sakamakon jini. Ba ka karanta ba?" Ta rufe fayil ɗin a hankali. "Ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. Ko da ka wuce da ita, a can za su tsare ta ko su juyo da ita. Ina magen yarinyar nan? Ranar da ta kawo ta, tana kuka take ba ni labarin mahaifiyarta."

Gumi ya jiƙa wa Jamilu riga duk da sanyin ofishin. Ya fito ya zauna a gindin wata bishiya, keji a gabansa, ya kira matarsa. Wannan karon bai rage komai ba, har riƙon bakin buhun sai da ya faɗa.

Zakiyya ta amsa, muryarta a sanyaye.

"Tun hoton farko na sani. 'Yar Banda kunnenta na hagu a tsage yake, ƙugiya ta yanke ta tana ƙarama. Kullum ka turo sai in ce gobe zai gaya mini gaskiya. Sati bakwai ina cewa gobe."

"Zakiyya, kunya ce ta..."

"Kunyar wa? Samarin bakin ruwa? Yaya Jamilu, in dariyarsu ta sa ka cusa amanata a buhu, ranar da suka yi maka dariya a kaina, ni wane gungun za ka kai ni?" Kuka ya ƙwace mata. "Kada ka hau jirgin nan tukuna. Ban san wanda zan tarba ba."

Ta kashe wayar.

Washegari ya iso Yelwa, ya durƙusa a gaban Inna yana hawaye kamar yaro, ya ba ta labarin tun daga bandar Rahamatu. Inna ta saki muciyar da ke hannunta.

"Mussar Rahamatu ta? Wadda ta yi jinya da ita? Auta, mi ya hana ka hwaɗa mini? Ka bar ni na ɗauki alhakin marainiya!" Ta share ido da gefen zane. "Ni ba mussa nika ƙi ba. Tahiyarka nika ƙi, na rasa inda zan huce sai kanta. Kira mini ɗiyata."

Zakiyya ta ɗauki wayar don girman Inna. Tsohuwar ba ta yi wani kwana-kwana ba, ta ce, "Ɗiyata, na zalunce ki, ki yahe mini. Ni da ƙahwata zan nemo ta." Murjanatu na gefe, ta rufe fuska da mayafi, ba bakin dariya yau.

Gungun cike yake da banda, kuma inda banda take, maguna ba su ƙirguwa. Kwana biyu Illo yana kai su da safe yana dawo da su da yamma, ba labari, har ranar tashin jirgi ta wuce. A rana ta uku Zakiyya ta turo saƙon murya: ta buga cokali a kwano sau uku, ta yi kiran da uwarta ke yi, "'Yar Banda, zo ki karɓa!"

Zo ka ga kallo! Inna a gaba, waya ɗage sama tana ta maimaita kiran. Jamilu a baya, keji a ka. Mata masu banda suka bar kifinsu suna tafa hannu, wani masunci ya gane shi ya ƙwala, "Direban Mage!"

"Ni ne!" in ji Jamilu da ƙarfi. "Magen matata nake nema. Wa ya ga mai tsagaggen kunne?"

Dariyar ta mutu da kanta. Wata tsohuwa ta nuna musu bandar ƙarshe ta bakin ruwa. Inna ta sake kunna saƙon, sai ga wata ramammiyar mage duk toka ta leƙo daga ƙarƙashin itace, ta nufo wayar tana kuka. Inna ta zube a ƙasa ta rungume ta.

Sai da aka yi sati uku ana kiwonta ta murmure. Jamilu ya karanta fayil ɗin nan shafi-shafi har ya haddace lambar. Da Dokta Hannah ta goga na'urar ta yi ƙara, sai da ya yi sujada a ofishin.

A filin jirgin Jamus, bayan an duba takardu an sake goga na'ura, ya fito da keji a rungume. Zakiyya ta tsuguna, ta sa yatsa ta shafa tsagaggen kunnen, ta yi kukanta mai isarta. Jamilu na tsaye, kansa a ƙasa, yana jiran hukunci. Ta miƙe ta karɓi jakarsa.

"Sannu da zuwa, Yaya Jamilu. Yanzu na san wanda na tarba."

Magen aro kuwa tana nan gidan Inna, kan kifi ne abincinta, kuma ko Baba Wakili bai isa ya ce mata kyas ba.

To, samari da 'yan mata, ku ji da kyau. Dariyar mutane kwana biyu ce, gobe sun sami wani sun manta da kai. Amma wanda ya ba ka amana, da shi za ka haɗa ido kullum safiya. In dole sai ka ji kunya, ji kunyarsa tun kafin ka riƙe bakin buhu.