Barau Dillali da Jar Motar Italiya

An ɗauke wuta bayan sallar isha'i, zafi ya koro yaran gidan zuwa tsakar gida. Yaya Ɗanlami, ɗan wan babansu da ya zo musu kwana biyu, ya kashe fitilar wayarsa ya ce su matso.

"Wanda ya san ba zai iya zuwa bayi shi kaɗai ba, ya tashi tun yanzu."

Babu wanda ya motsa. Ya rage murya ya fara.

Akwai wani dillalin motoci a garinmu, sunansa Barau. Yana nan da ransa har yau. Mutum ne mai zaƙin baki. In ya fara yaba maka mota, sai ka ji kunyar wadda ka zo da ita.

Wata rana aka kira shi wani tsohon gida a bayan gari. Mai gidan ya rasu, magada suna so a sayar da wata mota da ke kulle a gareji. Marigayin ya taɓa yi wa wani Baturen Italiya direba, cikin waɗanda suka zo aikin dam tun da daɗewa. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa ita. Shi kuwa tsohon bai cika hawanta ba. Ranar Juma'a kawai yake tayar da ita, ya goge ta, ya mayar da tamfol.

Da aka yaye tamfol ɗin, Barau ya yi shiru. Barau da ba a taɓa jin shirunsa ba.

'Yar ƙaramar mota ce, ja wur. Bayanta a datse yake kamar an sare da wuƙa, ƙofar bayan kuma sama take ɗagawa. Fitilu huɗu zagayayyu a gaba. Wajen tayoyinta ya bubbuɗo kamar kafaɗun ɗan dambe. Don tsere aka ƙera ta, tayoyin nan huɗu duk injin yana juya su. Ya leƙa ƙarƙashinta, babu tsatsa. Ya shafa fenti, na asali ne. Sannan ya buɗe ƙofa ya ga kujerun. Masu laushi ne kamar karan-miski, launinsu ruwan madara, ko tabo babu.

Barau ya san irinta ba su da yawa a duniya. Ya san akwai masu tara tsofaffin motoci, daga Ikko har ƙasashen waje, da ba sa barci a kan irin wannan. Ya karɓi makulli ya kai ta filinsa na sayar da motoci, ya ɗauki hotuna ya watsa. Kafin a jima wayarsa ta hana shi sakat.

Wani yammaci, dab da magariba, zuciyarsa ta ce masa ya ɗana ta kafin ta bar hannunsa. Ya bi tsohuwar hanyar dam, inda motoci ba su cika bi ba da yamma. Ya taka totur. Injin ya yi wani siririn fito, motar ta manna shi da kujera. Ya yi dariya shi kaɗai. Ya ƙara takawa.

Ana kiran salla a wani ƙauye can nesa. Bai tsaya ba.

Akwai wata 'yar gada a hanyar, da wata tsohuwar tsamiya a gefenta. Yana shan kwana sai ga budurwa a tsakiyar titi, da ƙwarya a kanta. Ya taka birki. Ya makara.

Da ya fito, ƙwaryar ta fashe, nono ya malale a kan kwalta. Ita babu ita. Sai ya ji nishi daga cikin kwarin da ke ƙarƙashin gadar.

Ya gangara. Tana kwance a kan duwatsu, zanenta ya jiƙe sharkaf da jini. Ta buɗe ido ta dube shi.

"Bawan Allah, ɗauke ni. Gidanmu ba nisa."

Ya sunkuya. Har ya miƙa hannu. Sai ya waiwaya ya hango motar a sama, ƙofa a buɗe, 'yar fitilar ciki tana haska kujerun nan. Ya dubi jinin. Ya sake duban kujerun. Ya san wannan jinin in ya shiga ba zai fita ba.

"Bari in kirawo mutane," in ji shi.

"Ka yi wa Allah, kar ka bar ni."

"Yanzu zan dawo."

Ya hau sama, ya shiga mota, ya juya. Bai kira kowa ba.

Washegari ya kai motar wani gari, wajen mai gyaran jikin mota, ya ce akuya ya kaɗe. Aka fitar da lotsewar, aka haɗa fenti, har shi kansa sai ya ƙura ido yake gane wurin. Ya yi ta kasa kunne ko zai ji an tsinci gawa a gada. Shiru. Ya bugi cikin masu kawo nono kasuwa ko an rasa wata yarinya a rugagen wajen. Suka ce kowa na gidansu. Wannan ya kamata ya tayar masa da hankali. Shi kuwa sai ya ji sanyi a ransa.

Aka kwana biyu. Rannan rana ta yi ja, abokan sana'arsa sun tafi alwala, shi kaɗai ya rage a filin yana goge gilashin motar. Ya ɗaga kai sai ya ga mace tsaye a gabansa.

Tsohuwa ce doguwa, da baƙin mayafi yana jan ƙasa. Bai ji tsayuwar mota ba. Bai ji takunta ba. Ba ta kuma yi sallama ba.

"Kai ne mai jar motar?"

"Ni ne, Hajiya. Sannu da zuwa. Wa za a saya wa, ɗanki?"

"'Yata."

Wani abu ya ɗan dame shi game da muryarta. Sai leɓɓanta sun gama motsi sannan maganar take fitowa. Ya ce a ransa gajiya ce ke damunsa.

"Faɗa mini lafiyarta," in ji ta.

Nan Barau ya samu abin da ya iya. Ya ce ta dubi fenti, tun na kamfani ne. Ya ɗaga bonet ya nuna mata inji, ba a taɓa kwance shi ba. Ya ce mutum biyu kaɗai suka taɓa riƙe ta, kuma dukansu kamar ƙwai suka lallaɓa ta. Ya ce yau in ta bar ƙasar nan, ba za a sake ganin irinta ba.

"Ba ta taɓa buge komai ba?"

"Ko kaza, Hajiya."

"Rantse."

"Wallahi."

Ta zagaya a hankali. Ta wuce ƙofa, ta wuce taya, ta tsaya a gefen hagu na gaba. Ta ɗora tafin hannunta daidai wurin da aka gyara. Ta daɗe a haka. 

Sannan ta buɗe ƙofa ta shafa kujera.

"Tsaf."

"Ai Hajiya kujerun nan su ne rabin darajar motar. Ko ruwa ban yarda a sha a ciki ba."

"Na sani," in ji ta. "Ja ni in ji tafiyarta. In ta yi mini, ba zan taya ba. Abin da ka faɗa shi ke nan."

Ya dubi sama. An fara kiran magariba. Ya dubi tsohuwar da ta ce ba za ta taya ba. Ya ɗauko makulli.

Da za ta shiga, ya ji ƙafarta ta bugi ƙarfen ƙofa. Ƙwas. Ba ƙarar takalmi ba ce.

Suka hau titi. Niyyarsa ya zagaya da ita cikin gari, inda akwai jama'a da haske. Da suka iso mararraba ya karya sitiyari dama.

"Hagu," in ji ta.

Sitiyarin ya murɗe a hannunsa. Motar ta bi hagu, ta ɗauki hanyar dam.

Ya taka birki. Birkin ya tafi har ƙasa kamar ya taka tuwo. Ya ɗage ƙafa daga totur, amma injin ya yi fiton nan nasa, gudu ya ƙaru. Ya kai hannu zai sauya giya, idonsa ya faɗa ƙasa, wajen ƙafafunta. Mayafin ya ɗan janye.

Kofato ne. Irin na jaki, baƙi, da busasshen taɓo a jiki.

Ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya yi nauyi kamar dutse. Ya kasa haɗa ko kalma biyu.

"Da bakin da ka rantse yanzu?" in ji ta, ba ta ko dube shi ba.

Sai wani wari ya cika motar. Tsamin nono, da ƙarnin jini. Wani abu ya yi nishi a bayansa. Bai so ya duba madubi ba. Ya duba.

Budurwar nan ce kwance a kujerar baya, da zanen nan nata. Jini yana tsattsafowa daga jikinta, kujerar tana shanyewa, ruwan madarar nan yana komawa baƙi. Idonta a kansa.

"Inna, shi ne."

"Na gane shi."

"Iya," in ji Barau, "tsautsayi ne. Ban gan ta ba. Kwana ce a wurin."

"Karon tsautsayi ne. Da ka ɗauke ta, da ko sunanka ban tambaya ba." Yanzu ta juyo ta dube shi. Idanunta babu fari a cikinsu. "Mun yi tafiya bayan dutse ranar, babu kowa a gida. Ta kwana tana kira, ba mu ji ba. Kai ka ji. Har hannu ka miƙa."

"Ki yi wa Allah."

"Ita ma haka ta ce."

Motar ta rage gudu da kanta, ta tsaya a gindin tsamiya. Ƙofarsa ta buɗe.

"Na saya," in ji tsohuwar. "Sauka."

Ya faɗo waje, ya tashi ya zura da gudu a kan gadar. Duhu ya rufe ko'ina. Ya fara tunanin ko ya tsira. Sai inuwarsa ta miƙe a gabansa, doguwa. Fitilu huɗu sun kunnu a bayansa. Ya ji fiton.

Da ya farfaɗo, a cikin kwarin yake, a kan duwatsun nan. Ƙugunsa ya karye. Ya yi ta kira har gari ya waye.

Ranar kasuwa ce. Motoci suka fara wucewa ta kan gadar, da babura, da masu tafiya a ƙasa. Yana ganin ƙafafunsu. Yana jin hirarsu. Ya yi ihu har maƙogwaronsa ya tsage, ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. Rana ta take. Ƙudaje suka taru.

Can da yamma wata mota ta tsaya. Ya ji an buɗe ƙofa, an gangaro. Wani mutum ya sunkuyo a kansa, ya miƙo hannu. Barau ya ɗaga ido ya ga fuskar mutumin. Fuskarsa ce. Hularsa ce, da rigar da ya sa a wancan yammacin.

Mutumin ya waiwaya sama. Ya janye hannu.

"Bari in kirawo mutane."

"Kar ka bar ni," in ji Barau.

"Yanzu zan dawo."

Bai san kwana nawa ya yi a wurin ba. Abin da ya sani, duk magariba motar takan tsaya, mutumin ya gangaro, ya miƙo hannu, ya janye. Kuma duk zuwa sai Barau ya sa rai.

Wani dattijon makiyayi ne ya same shi. Shanunsa suka ƙi hawa gadar, suka tsaya suna huci suna kallon kwari. Ya yi bisimilla ya leƙa. Ya ɗaure masa ƙugu da rawaninsa, ya ɗora shi a kan jaki ya kai shi bakin gari.

Likitoci sun ceci ransa, amma ƙafar dama ta shanye. Da magadan suka zo asibiti tambayar motarsu, bai yi musu zaƙin baki ba. Ya faɗa musu komai, yana kuka. Babbansu ya tashi ya ce sun bar ta, ko an gan ta kada a kawo musu.

Ba a kawo ba. Amma masu dawowa daga gona sukan hangi fitilu huɗu a hanyar dam in rana ta faɗi, suna tahowa a hankali, babu ƙarar taya. Barau kuwa yanzu goro yake sayarwa a ƙofar gidansa. Ba ya shiga mota, ko ta asibiti ce. Kuma ba a yin fito kusa da shi.

Yaya Ɗanlami ya kai ƙarshen labarin. Wani abu ya motsa a kan rufin kwano, yaran suka ƙara matsewa.

"Saboda haka," in ji shi, "kada ɗayanku ya kuskura ya bi ta gadar nan shi kaɗai in rana ta faɗi. Har yanzu akan ji nishi a kwarin."

Hurera, ƙaramarsu, ta riƙe hannun rigarsa.

"To Yaya, in mutum ya ji nishin, ya gudu ne ko ya tsaya ya duba?"

Ya juyo wajenta cikin duhu.

"Shi ya sa na ce kada ku je ku kaɗai."