Muna Sansani

"Ka ce mota kawai, Shef."

"Na ce mota kawai. Ko a goshi zan rubuta maka?"

"Mutumin nan bai taɓa yi mini mugunta ba."

"To mu ma ba mugunta za mu yi masa ba. Sauke masa nauyi za mu yi. Rufe baki, Zaidu!"

Su uku ne kwance rub da ciki a kan wani dutse, can cikin gandun dajin Keran, gari ya soma wayewa. Lado, wanda suke kira Shef, yana tsakiya. A damansa Salifu ne riƙe da bindigar farauta. A hagu kuwa Zaidu ne, makanike daga Sokode. Shi ya duba motar shekaranjiya, shi ya ji inda mai ita zai kwana, shi kuma ya kai wa Lado labari.

Ƙasa da su, a bakin kogi, ga koren tanti, ga farar mota Fijo, ga hayaƙin shayi yana tashi. Wata ƙaramar yarinya na zagaya tantin da gudu tana waƙar da ta ƙirƙira da kanta: "Sansaninmu! Sansaninmu!"

Lado ya tofar da yawu.

"Ka ga kukar can? Kabarin uwata na ƙarƙashinta. An kore mu daga nan don giwa ta miƙe ƙafa. Yau ga ɗan boko ya kawo matarsa shan iska a kan kabarinta. Ku rufe fuska."

Mai motar, Malam Mustafa, malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare ta Sokode. A shekarar 1993 ake, yajin aiki ya rufe makarantu da ofisoshi wata da watanni, kullum da irin jita-jitar da gari ke kwana da ita. Sai ya yanke shawarar kai iyalinsa Dapaong wajen surukarsa har ƙasa ta lafa. Amma ya ce a hanya za su kwana a dajin nan, inda ya taɓa kawo Hamida suna sabon aure, ranar da ta ga giwa ta riƙe hannunsa a gaban mutane ba ta sani ba.

"Baban Lubna, mutane na gudun daji, kai kana kai mu?" in ji Hamida tun a gida.

"Ina so yaran su ga giwa kafin a cinye ta ƙarshe."

Ba su ga giwa ba. Ƙofar dajin a buɗe suka same ta, masu gadi sun daɗe da guduwa. Sun yi tafiyar ƙafa a bakin kogi har la'asar, Lubna mai karatun jinya tana gaba da sanda, ƙanwarta Shetu a wuyan babanta. Abin da suka tarar tarkon waya ne ko'ina, sai wani ƙaton ƙoƙon kai da rana ta mai da shi fari fat. Duk da haka Malam bai fasa murna ba. Da suka kafa tanti Shetu ta tambaye shi sunan irin wannan gida.

"Da Hausar kakanninmu, inda matafiya suka yada zango a daji, sansani ake ce masa."

Hamida ta yi dariya har ta zubar da shayi. "Sansani! Ga mayaƙa nan kuwa, sarkin yaƙinsu na tsoron sauro."

Dariyar nan ta jiya ce. Yanzu kuwa...

"Kowa ya kwanta! Kwanta, na ce!"

Buta ta kife a wuta. Shetu ta ƙwalla ƙara! Hamida ta fizgo ta, ta danne ta da jikinta. Malam ya ɗaga hannu biyu, carbinsa na lilo.

"Ku ɗauki abin da kuke so. Ga mabuɗi. Don Allah kar ku tsorata yara."

"Ka ji mai hankali. Tabarau ma miƙo."

Lado ya faɗa mota, ya murɗa mabuɗi. Kyat! Shiru. Ya sake. Kyat!

"Wane irin jaki ne wannan? Kai, zo nan!"

Zaidu ya zo, fuska a naɗe da rawani, kai a ƙasa. Ya buɗe gaban motar, ya ɗauki dutse, ya zura hannu can ƙasan injin, ya ɗan ƙwanƙwasa wani wuri. Mota ta tashi.

Malam ya ɗago kai a hankali. A duk Sokode mutum ɗaya ne ya san wannan wurin.

"Zaidu? Ɗana, kai ne?"

Ya yunƙura zai miƙe. Ba faɗa zai yi ba, wallahi, fuskar yaron yake so ya gani—

Dam!

Tsuntsaye suka watse daga itatuwa. Salifu ya tsaya yana kallon bindigar kamar wani ne ya ɗora masa ita. Malam ya zauna a ƙasa, ya dubi cinyarsa, ya ce "Subhanallahi" a hankali, kamar wanda ya yi tuntuɓe.

"Baba!"

"Shef, mu ɗauke shi! Asibitin Mango ba nisa, mu ajiye shi a ƙofa mu wuce!"

"Mu ɗauke shi ya riƙa kiran sunanka a kowane shinge? Shiga ka ja mota, ɗan iska!"

"Shef—"

Bakin ƙaramar bindiga ya taɓa kunnensa. Zaidu ya shiga. Ta madubi ya ga Lubna ta yage ɗankwalinta tana ɗaure cinyar, ya ga Hamida tsaye hannu a ka, har itatuwa suka rufe su.

"Mma, ni ba zan iya ɗaga hannuna daga nan ba," in ji Lubna. "In na saki, jinin zai ƙare. Ke za ki je titi."

"In bar shi?"

"Je ki, Hamida," in ji Malam, yana ƙoƙarin murmushi. "Bi sawun taya. Kar ki tsaya kallon giwa."

Ta bi sawun taya. Silifa ɗaya ta tsinke, ta jefar da ɗayar. Ƙaya ta yayyaga mata zane. Rana ta hau, ta tsaya tsakar ka. Matar da ko kasuwar Sokode ba ta zuwa sai a kan babur, ga ta tana gudu tana faɗuwa tana tashi, bakinta ba abin da yake maimaitawa sai sunan Allah da sunan da ba ta taɓa kiran mijinta da shi a gaban mutane ba.

Ta iso kwalta. Mota ta farko ta wuce. Ta biyu ma ta ƙara wuta. A kwanakin nan wa zai tsaya wa mai ɗaga hannu a tsakiyar daji? Kowa ya san da mace ake kafa tarko.

Sai wata babbar mota mai lodin doya ta rage gudu, ba ta tsaya ba. Direban, wani Mamadu, Hausarsa ta tasha ce. Hamida ta bi gefen motar da gudu tana dukan ƙofa.

"An harbi mijina! Ka gaya wa jandarma! Muna sansani!"

"Sansani?"

"E, sansani! Don girman Allah!"

"To, to! Can ni ke zuwa! Yanzu zan faɗi!"

Ta nuna daji da hannu, amma idonsa na kan hanya. Motar ta ja.

Wayyo Hamida. Ita tantin bakin kogi take nufi, da kalmar da mijinta ya koya musu jiya. Amma a bakin kowane direba a wannan hanya, Sansani gari ne: tsohon sunan Mango ke nan. Mamadu ya ɗauka rikici ne ya ɓarke a garin, matar ta gudo daji kamar yadda ake gudowa. Kuma bai ci amana ba. Yana isa shingen shiga Mango ya diro yana haki.

"Wani mace ya ce an harbe mijinsa a nan Sansani!"

Ajidan Awudu, shugaban jandarmomin da ke tsaron shingen, ya tashi yaransa. Suka shiga gari.

Hamida kuwa ta juya daji da sauƙin zuciya. Da ta tsaya ta tare wata motar, da ta nemi wani ƙauye. Amma an ce mata to. Ta iso tanti ƙafafu na jini, ta durƙusa, ta ɗora kan mijinta a cinyarta.

"Suna zuwa, Baban Lubna. Na faɗa. Suna zuwa."

Su Lado ba su fito titi da wuri ba. Ya sa an ɓoye motar a cikin wani kurmi har azahar ta gota, lokacin da zafi ke kashe wa masu shinge jiki. Salifu na ta faɗa wa kansa, "Shi ya tashi. Ai kun gani, shi ya tashi."

Suna isowa Mango suka ga jandarmomi tsaye da bindigogi.

"Mun mutu," in ji Salifu.

"Haɗiye harshenka." Lado ya saka tabaran Malam, ya ciro takardun mota, ya lulluɓe ƙaramar bindigar da hula, ya manna ta a haƙarƙarin Zaidu. "Kai kuma yi murmushi."

Ajidan ya leƙo, gumi na zuba daga hularsa. Ko takardun bai buɗe sosai ba.

"Daga ina?"

"Sokode, ranka ya daɗe. Gaisuwar mutuwa za mu Dapaong."

"Ba ku ji wani abu a hanya ba? An ce an harbi mutum a nan Sansani. Mun juye garin nan. Asibiti babu, zango babu, bakin kogi babu. Man motarmu ma ya kusa ƙarewa."

Sansani.

Zaidu ya ji muryar ƙaramar yarinyar nan tana zagaya tanti. Nan take ya gane. Sun aiko. Saƙon ya iso. Ga jandarma, ga mota, ga asibiti can bayan bishiyoyi, kuma duk duniya shi kaɗai ya san inda aka yi kuskure. Kalma ɗaya ce. Ba gari ba, ranka ya daɗe, daji. Ya buɗe baki.

Ƙarfen ya nutse tsakanin haƙarƙarinsa.

"Direbanka lafiya?" in ji Ajidan.

"Mamacin kawunsa ne."

"Allah ya jiƙansa. Ƙarya ce dai irin ta kwanakin nan, zan janye yarana. Ku wuce."

Aka ɗaga sanda. Zaidu ya wuce, hawaye na ɗiga a kan sitiyari.

Har suka kusa Bombouaka bai daina roƙo ba.

"Shef, ka sauke ni. Ba na son ko sisi. Yaro zan aika, ba zan ambaci kowa ba. Na rantse da—"

"Ka yi gaskiya. Tsaya a gindin dutsen can. Bar ta a kunne."

Zaidu ya sauka da saurinsa, har yana cewa na gode.

"Matar ta ji sunanka, Zaidu. Nawa kuwa kai kaɗai ka san shi a Sokode."

Tas! Tas!

Ya faɗi a cikin ciyawa, fuskarsa na kallon kudu, hanyar da suka fito. Abin da ya sani ya tafi tare da shi.

Lado ya karɓi tuƙi. Nufinsa ya ratsa Dapaong ya kai motar kan iyaka kafin magariba. Amma a bakin garin samari masu zanga-zanga sun tare hanya da tayoyi masu ci da wuta. Ya taka birki da ƙarfi. Mota ta mutu.

Kyat! Shiru. Kyat!

"Ina yake bugawa? Salifu, ina yake bugawa?"

Salifu ya riga ya buɗe ƙofa ya ruga. Wani saurayi ya leƙo ya ga bindigar farauta a ƙasan kujera.

"Ga su nan! An turo su su harbe mu!"

"Ba haka ba ne! Ku tsaya—"

Duwatsu. Sanduna. Tabaran Malam ya faɗi aka tattake. Aka kamo Salifu a bayan wani shago, aka jawo shi da ƙafa. Kafin hukuma ta iso, Lado ba ya motsi, Salifu ba ya iya magana, Fijo kuwa tana ci da wuta da takardunta a ciki. Babu wanda ya tambayi motar wa ce.

A bakin kogi rana ta yi ja. Shetu na kan dutse inda aka ce ta tsaya ta hango fitilar mota.

"Mma, na ji ƙara!"

Hamida ta zabura. Iska ce a cikin itatuwa.

Hannuwan Lubna sun sandare a kan ɗaurin. Malam ya daina jin zafi tun ɗazu, sanyi yake cewa yana ji, sun lulluɓe shi da duk zannuwan da aka bar musu.

"Hamida."

"Na'am."

"Kar ki bari a taɓa uwar Zaidu. Ba ta san komai ba."

"Yi shiru. Ka faɗa musu da bakinka in sun zo."

"Kin ce musu muna ina?"

"Na ce muna sansani. Kamar yadda ka ce."

Ya dube ta. Malamin labarin ƙasa ne, ya san sunan kowane gari da tsohon sunansa. Wani abu ya gifta a idonsa, leɓɓansa suka motsa. Sai ya dubi ƙafafunta da suka farfashe, ya haɗiye abin da zai faɗa. Ya laluba ya riƙe hannunta.

"Kin yi daidai," ya ce. "Kin yi ƙoƙari."

Ya yi kalmar shahada, Lubna na taya shi. Daga nan bai sake cewa komai ba.

Lubna ta ɗaga hannunta a karo na farko tun safe. Jini bai fito ba. Ta kifa kanta a ƙirjinsa, kukan ma ya ƙi zuwa.

"Mma, mu ƙara jira kaɗan? Ai sun ce suna zuwa."

Daga ƙetaren kogi wata kura ta yi kuka, wata ta amsa mata. Shetu ta sauko daga dutse da gudu ta ƙanƙame uwarta.

Hamida ta daɗe tana kallon hanyar da babu kowa a kanta. Sannan ta shafa idanun mijinta ta rufe su, ta miƙe, ta goya Shetu ta ɗaure tam, ta soma tumɓuke turakun tantin ɗaya bayan ɗaya.

"Tashi, Lubna. Ba mai zuwa. A cikin wannan za mu naɗe shi. Ni in riƙe kai, ke ki riƙe ƙafa. Ba zan bar wa kura mijina ba, mu za mu kai shi titi."